Issahaku Mai Turare da Aladen Daji

Duk wanda ya saba bin titin da ya fito daga Tishigu ya nufi babban masallacin Tamale ya san teburin Issahaku, ko da bai san sunan mai shi ba. Tebur ne mai gilashi, an jera ƙananan kwalaben turare a ciki da carbi da huluna, shi kuma yana zaune daga baya cikin farar jallabiya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallon masu babur da masu keken haya na yalo-yalo kamar su suka kawo ƙazanta duniya. Idan ka miƙa masa hannu, kan yatsu zai ba ka. Idan ka juya zai goge su da hankici, kuma ba ya ma jira ka yi nisa.

Abin dariyar shi ne, ɗan mahauci ne. Ubansa Moro a mayanka ya ƙare rayuwarsa, cikin jini da tumbi, mutum mai fara'a wanda ƙarni bai taɓa barin hannunsa ba. Da wannan ƙarnin aka raɗa wa Issahaku suna, da shi aka ɗinka masa rigar salla, da shi aka yi masa aure. Amma tun yana saurayi ya nuna shi ba kalar mayanka ba ne. Ranar da aka fara kai shi, aka ce ya riƙe ƙafar wani bijimi da aka kayar, sai ya saki ya koma gefe yana kakarin amai, bijimin ya zabura ya kusa halaka mutum. Moro ya dubi ɗansa ya girgiza kai, bai sake kiransa ba. Aka kai shi koyon ɗinki, ya bari, wai mutane na kawo gyaran wandon da ba su wanke ba. Aka haɗa shi da wani direban Kumasi, ya dawo daga tafiyar farko ya ce fasinja suna wari. A ƙarshe ya faɗa sayar da turare, sana'ar da mutum zai wuni bai taɓa komai ba sai kwalba, a nan furfura ta same shi.

Karatunsa bai yi nisa ba, amma babin najasa ya riƙe shi kamar shi ya rubuta. Butarsa daban, kofinsa daban, tabarmar sallarsa ko 'ya'yansa ba sa takawa. In kare ya gifta ta gaban tebur sai ya sake alwala. Limamin unguwa, Afa Seidu, ya taɓa jan shi gefe ya gaya masa a hankali cewa wannan ba tsoron Allah ba ne, waswasi ne. Issahaku ya saurara da kai a sunkuye, ya fito ya riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya sayen turare cewa limaman yanzu sun yi sako-sako da addini. Abin da yake so a duniya ɗaya ne, a ce da shi mai tsabta. An kuma faɗa har an gaji, wasu da gaske, yawanci da zolaya, shi dai bai taɓa bambancewa ba.

Abu ɗaya Moro ya bar masa da ya rasu, shi ma ba nasa ba ne. Gona ce a wani ƙauye kan hanyar Salaga, wadda sarkin ƙauyen ya ba shi aro tun lokacin da yake zuwa can sayen shanu. Sharaɗin a fili yake: ka noma, ka ci, duk shekara bayan an haƙe doya ka zaɓi manya-manya ka haɗa da zabo da goro ka kai wa sarki, ka durƙusa ka yi gaisuwa. Ranar da ka zame wa ƙauye matsala, a karɓe. Gonar nan ita ke riƙe da gidan Issahaku kaf. Turare ba ya ciyar da kowa, ɗan abin da yake samu a tebur a sabulu da bula da guga yake ƙarewa. Doyar gonar suke ci, ita ake kaiwa kasuwar Aboabo, da ita yara ke zuwa makaranta.

Mai noman kuwa Basiratu ce, matarsa, gajeriyar mace mai ƙarfi wadda ba ta ɓata baki a kan abin da ba zai gyaru ba. Ita ke hawa bayan motokin, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da sassafe ta tafi ƙauye, ita ke neman 'yan ƙwadago ta yi ciniki da su, ita ta san kunyar da aka dasa doya irin puna da wadda aka dasa irin laribako. Issahaku yana zuwa gonar ranar kai gaisuwa kawai, don a nan ne ake buƙatar namiji da fararen kaya. Sai ya durƙusa a kan buhun da ya zo da shi, ya ce wa sarki bana sun sha wahala.

Shekarar da abin ya faru, damina ta yi kyau, doya ta ƙosa har tana fasa ƙasa. A ƙarshen gonar akwai wani ɓangare da aka bari ya huta, ciyawa ta rufe shi, ga tsofaffin ramukan dabgi a ciki. Nan wani ƙaton gadu, wato aladen daji mai haure, ya tare da iyalinsa. Su fito da hantsi, su fito da yamma, su tone kunya su gatsi doya su bar ta su tone ta gaba. Wata rana Basiratu ta dawo da daro cike da guntayen doya, ta dire a gabansa.

"Maigida, duba. Alade ya gama mu."

Ya janye ƙafafunsa kamar ta kawo masa garwashi. "Ki ɗauke abin nan daga gabana. Kuma ki daina kiran sunansa a gidan nan, ki ce mugun dawa."

"Ko me ka kira shi, yana ci," in ji ta, ta ɗauki daronta.

Da ɓarnar ta tsaya a gonarsu, da ƙila ya ci gaba da yin kunnen uwar shegu har a ƙare doyar. Amma aladun suka fara tsallakawa gonakin mutanen ƙauye. Samarin garin suka aiko cewa a ba su izini su shiga da karnuka, don ba a farauta a ƙasar da aka ara wa wani sai da yardarsa. Issahaku ya ce kare ba zai taka inda abincinsa ke fitowa ba. Daga nan Wulana, dattijon da ke magana da bakin sarki, ya kira shi a waya, bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Abin nan daga gonarka yake fitowa. Ka hana mu, kai ba ka yi ba. Naa, sarkinmu, ya ce ka kashe shi kafin a haƙe doya, in ba haka ba zai karɓi ƙasarsa ya ba wanda zai iya tsaronta."

A ranar Issahaku bai iya cin tuwo ba. Ya san ba gonar, ba gidan. Ya kuma san in aka karɓe ta duk Tishigu za ta ji cewa abin da mahauci ya riƙe shekara da shekaru ya suɓuce a hannun mai turare.

Basiratu ce ta kawo maganar Nana Kwame. Tsohon gandiroba ne, mutumin kudu, Kirista, ya yi ritaya ya zauna a Dungu inda matarsa Benedicta ke da gidan abinci, a wajen Basiratu take sayen doyar sakwara. Yana da doguwar bindiga mai baki ɗaya da takardarta, kuma ba abin da yake so irin a tambaye shi zancen harbi. Issahaku ya je da tsakar rana. Ya ajiye babur can nesa a gaban wani kantin magani, don kada a gan shi a ƙofar gidan da ba a san abin da ke cikin tukunya ba, ya ƙarasa da ƙafa. Kujerar da aka ba shi sai da ya shimfiɗa mata hankici.

"Afa, wannan abu ba ya da wahala kuraa, ko kaɗan," in ji Nana Kwame da Hausarsa ta kasuwa, yana kiransa Afa, wato malam. "Ka ba ni hanya, ni je da dogon bindiga nawa, pam, ya faɗi. Gona naka, nama nawa. Ba ka biya ni komai."

"Ya faɗi a ina?"

"Wurin da ya tsaya mana."

"Wato a gonata."

"Ah, to a ina? A coci?"

Issahaku ya gyara zama ya shiga bayani, wai jinin abin nan ba zai zuba a ƙasar da doyarsa ke fitowa ba. Wannan shi ne na baki. Na zuci kuwa, yana hango motokin ya fito daga gonarsa da mushen alade a baya da Kirista a zaune a kai, kafin magariba labari ya isa gaban masallaci cewa mai turare ya shiga cinikin naman alade da gidan abincin Dungu. Gara masa komai da wannan. Sai ya sassauta murya ya tambaya ko akwai 'yar ƙaramar bindiga ta hannu da za ta iya aikin, irin wadda mutum zai sa a aljihu ba wanda ya sani.

Ai kamar ya sosa wa tsohon inda yake masa ƙaiƙayi. Nana Kwame ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara cike da kwanson harsasai da ya tara tun yana aiki, ya zazzage a kan benci yana jerawa, yana ɗaga kowanne kamar mai tallar gwal.

"Wannan foti-fo. Ka ga kauri, kamar yatsa. Turawa a bidiyo da shi suke harbin alade, in ya samu kafaɗa alade ya zauna nan take. Amma a Tamale ba ka ganin bindiga nashi sai a waya. Wannan nain-em-em, irin na 'yan sanda. Na mutum ne, alade fata nashi kauri paa, sai ka iya sosai." Ya tono wani ɗan mitsitsi daga gindin gwangwanin. "Wannan kuma tuwanti-tu. Na gafiya da zomo. Ka harbi babban alade da shi, haushi kawai ka ba shi."

"Ba ya kashewa?"

"In ya shiga ciki yana kashewa, amma ba yau ba. Gobe, jibi, alade yana yawo da ciwo, yana shan wahala, sannan ya je ya mutu wani wuri. Mugun aiki ne, Afa. Maharbi na gaskiya ba ya yi."

Abin da tsohon ya faɗa don ya hana shi, shi ne daidai abin da ya zo nema. Issahaku ya ɗauki ɗan kwanson da bakin hankici yana juya shi a rana, fuskarsa ta washe.

"Kafin ya faɗi ɗin, nisan da zai yi zai kai kamar ina? Zai fita daga gona?"

Nana Kwame ya daina murmushi. Ya dube shi daga hula har takalmi, ya fara mayar da harsasansa cikin gwangwani. "Ni ban auna ba. Harsashi bai san iyakar gona naka ba, alade ma bai sani ba. In kana so ni je, ni je. In wannan kake so, ba hannu na a ciki."

Issahaku ya koma wajen babur ɗinsa yana ganin ya gano abin da ya gagari malamai da maharba baki ɗaya: kisa ba mushe. Babban harsashi zai bar masa gawa a gona, ƙarami zai ba abin damar ya kwashi ƙazantarsa ya kai gaba. Inda zai kai ta kuwa bai tsaya ya tambayi kansa ba, tunda ba gonarsa ba ce.

Bindigar ba ta yi wuyar samu ba. Yana da ɗan baffa, Kadiri, wanda ya yi shekaru a ramukan zinariya a kudu ya dawo ba zinariya, sai tari da wata 'yar bindigar hannu da ba ta da takarda, mai cin irin ɗan mitsitsin harsashin nan. Kadiri ya ba shi aro a cikin leda, ya nuna masa inda ake dannawa, ya ce in an kama shi bai san shi ba. Issahaku ya gwada ta a aljihun jallabiya a gaban madubi, ya ga ba ta ɓata zubin rigar ba, ransa ya yi fari.

Ya zaɓi ranar da Basiratu ke kasuwa. Bayan la'asar ya isa gonar, ya hau 'yar karagar itace da aka kafa don korar tsuntsaye, ya shimfiɗa buhu ya zauna yana jan carbi. Rana ta yi sanyi sai ga su. Uwar da 'ya'yan suka yi gefe, babban ya taho har kusa da karagar, baƙi wuluk da taɓo, haurensa sun lanƙwasa sama, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba kamar mai gaishe da sarki ya fara tona. Ko makaho ba zai kuskure shi ba a wannan kusancin. Issahaku ya toshe hanci da hannun hagu, ya miƙa na dama, ya runtse ido ya danna. Ƙarar ba ta kai ta fashewar tayar keke ba. Aladen ya yi wani irin kuka, ya juya a wuri ɗaya, ya ɗaga wutsiya ya yanki daji, iyalin suka bi shi.

Sai da ya tabbata ba motsi sannan ya sauko. Ya ga ɗigon jini a ƙasa, ya nemi doguwar sanda ya tura turɓaya ya rufe wanda ke cikin gonarsa. Sauran da ya bi ta gonar maƙwabci ya bar wa mai ita. Da ya isa gida ya yi wanka, ya ce wa Basiratu, "Na gama da maganar mugun dawa." Ta tambaye shi ina gawar. Ya ce ai nan hikimar take. Washegari kuwa duk wanda ya zauna a bencin gaban tebur sai ya ji yadda ake kashe najasa ba a taɓa ta ba, don irin wannan dabara ba ta daɗi in ba a yaba ba.

Bayan 'yan kwanaki Wulana ya sake kira. Ya ce su zo shi da matarsa, yanzu, kuma ba fada za su je ba, bakin dam.

Ƙauyen ba shi da famfo. Dam guda gare su, wanda damina ta cika, shi za su sha har wata daminar, su da dabbobinsu, da shi suke girki, da shi suke alwala. Aladen da ciwo ya ci cikinsa, zazzaɓi ya kama shi, ya yi abin da kowace dabba mai rauni ke yi, ya nemi ruwa. Ya shiga ta can ɓangaren da ciyawa ta yi tsawo, ya mutu a ciki. Mata suka yi ta ɗiba suna cewa ruwan ya sauya ɗanɗano, yara suka fara gudawa, sai da ya kumbura ya taso sannan aka gane. Ba a sha wahalar sanin mai aikin ba. An ji ƙarar, an ga babur, ga kuma jini ya taso tun daga iyakar gonarsa.

Da suka isa, duk ƙauyen na tsaye a kan tudun dam ɗin. Wari ya cika wurin. Can cikin ruwa ana hango abin, ciki ya yi tim, ƙafafu a sama, ya maƙale a ciyawa, ƙudaje sun rufe shi. Wulana, wanda ya saba yi wa Issahaku Dagbanci kamar ɗan gida, ranar da Hausa ya yi masa magana, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Hannu bai ƙare mana a garin nan ba, kar ka ce mun kasa. Amma Naa ya ce gidan da ya aiko mana abin nan, gidan zai fitar da shi. Ga igiya. In ya fita da hannunku, gona yana nan. In mu muka fitar, daga yau ba ku da ƙasa a nan."

Issahaku ya ce zai kira Nana Kwame daga Dungu. Wulana ya ce Nana Kwame ba ɗan gidansa ba ne. Ya ce zai nemo 'yan ƙwadago. Aka ce ba su suka yi harbin ba. Ya ce to a samo doguwar gora da ƙugiya a jawo daga baki. Aka ce ya gwada, aka ba shi, gorar ba ta kai ko rabi ba. Ba makawa sai mutum ya shiga har ƙirji ya kama ƙafar ya ɗaura igiya. Aikin da ba zai wuce ɗan lokaci ba, a bayansa sabulu da ruwa, a gabansa abincin gida na shekara da shekaru.

Ya cire takalmi ya jera su a kan dutse. Ya naɗe wando, ya tattare jallabiya, ya taka har inda ƙasa ta jiƙe. Kowa ya zuba ido, har wasu suka fara tunanin ashe akwai jinin Moro a jikinsa. Sai ya waiwaya. Bai ga Basiratu ba, bai ga Wulana ba, bai ga matan da ke goye da yaran da cikinsu ya ɓaci ba. Abin da ya gani shi ne samari sun ɗaga wayoyi. Ya hango kansa a wayar kowane mai babur a Tamale, rungume da mushen alade. Ya saki igiyar, ya ja da baya, ya sauke rigarsa yana kakkaɓewa.

"Ni dai ina da alwala," in ji shi.

Wata tsohuwa ta yi tsaki mai tsawo. Ba wanda ya yi dariya, abin ya wuce dariya. Wulana ya buɗe baki zai yanke magana, sai Basiratu ta ajiye jakarta a ƙasa. Ba ta dubi mijinta ba. Ta ƙara ɗaure zani a ƙirji, ta sunkuya ta ɗauki igiyar daga inda ya yar, ta shiga. Ruwan ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai wuya, don gajeriya ce. Ta kama ƙafar, fatar ta saɓule a hannunta, ta sake kamawa, ta ɗaura, ta juya baya ta sa igiyar a kafaɗa ta ja. Sau biyu ta nutse ta taso tana tari. Samarin suka sauke wayoyinsu ba wanda ya ce su sauke. Da ta kawo shi bakin ruwa, maza suka karɓi igiyar suka ja shi daji don su ƙone, mata suka kewaye ta da zannuwa da bokitin ruwan rijiyar maƙwabtan ƙauye, wanda tun jiya suke wahalar ɗebowa.

Wulana ya jira har ta sauya kaya. Ya yi mata magana da Dagbanci, a hankali, ya ce gona tana nan, sun ga mai ita. Ya ce in an haƙe doya ta kawo gaisuwar da kanta, ba sai an wahalar da mai alwala ba. Issahaku yana gefe yana sa takalmi, ya ji, ya yi kamar maganar ba ta shafe shi ba.

A gida Basiratu ta yi wanka da sabulun salo har fatarta ta yi ja, ta yanke farce, ta ƙone zanin da ta shiga ruwa da shi. Washegari ta fere doya ta dafa, ta daka sakwara, ta yi miyar gyaɗa, ta kawo masa nasa kwanon tsakar gida kamar kullum. Wani mijin da kunya za ta hana shi ɗaga kai. Issahaku ya dubi kwanon, ya dubi hannunta, ya sa bayan cokali ya tura kwanon gefe.

"Da wane hannu kika daka?"

"Da hannuna."

"To ni ba zan ci abin da ya bi ta hannun nan ba. Sai an kwana arba'in tukuna."

Ba wani littafi ya samo wannan ba, a take ya ƙirƙira. Yana jiran ta yi kuka, ko ta rantse ta wanke, ko ta je ta kira 'yar'uwarta ta riƙa dafa masa nasa daban, don a unguwa a ji cewa tsabtar mai turare ba ta bar ko matarsa ba. Basiratu ta tsaya tana kallonsa, ba fushi a fuskarta, sai dai irin kallon da take yi wa doyar da ta ruɓe tun a ƙasa.

"To," in ji ta. "Doya na gonan nan duka ta hannun nan yake bi. Ni na dasa, ni zan haƙa, ni zan daka."

Ta ɗauke kwanon ta juye wa yara.

Ya riƙa sayen shinkafa da wake a ganye wajen wata mai talla a bakin titi, wadda bai san inda hannunta ya kwana ba, yana ci a ɓoye bayan tebur yana lissafin kwanaki. Aka haƙe doya, motokin ya yi ta sauke ta a ƙofar gida har ɗakin ajiya ya cika. Basiratu ta zaɓi manya, ta sayi zabo da goro, ta tafi ƙauye ita kaɗai ta dawo. Ranar da arba'in ɗin ta cika, Issahaku ya rufe tebur da wuri, ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida, ya wanke hannu ya zauna. Turmi ya yi ta ƙara, miya ta yi ƙamshi, aka raba, aka ci, aka wanke kwanuka aka kife. Ba wanda ya kira shi, har yau kuma ba a kira shi ba.